Yadda Ake Saita Wayar Birkin Keke, Daga Hannu Har Zuwa Roba

Alamar ba ta ɓuya. Ka matse hannun birki, ya tafi luu har ya manne da kan keken, keken kuwa yana ta gangarawa abinsa. Daga nan ne yara suke komawa tsayar da keke da silifas, suna jan ƙafa a ƙasa har takalmin ya huje. Mai keke sai ya ce birki ya mutu, a sayo sabo. Sau tari babu abin da ya mutu. Ko waya ce ta saki, ko roba ta cinye, ko kuma wata 'yar hular ƙarfe da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ta faɗi a hanya ba wanda ya lura.

Maganar nan ba ta shafi tsofaffin kekunan iyayenmu ba, irin su Raleigh da Phoenix masu birkin sanda, waɗanda ƙarfe ne ke jan ƙarfe tun daga hannu har ƙasa. Ana magana ne kan keke mai birkin waya, irin na gwanjo da suka cika kasuwanninmu da kekunan 'yan makaranta. Mafi yawansu birkin da ake kira V ne da su, mai dogayen ƙafafu biyu a tsaye gefe da gefen taya, wanda kamfanin Shimano ya yaɗa daga shekarar 1996. A kansa zan fi tsayawa.

Ka fara gane abin da kake taɓawa

Wayar birki abu biyu ne. Akwai wayar ciki, siraran zaruruwan ƙarfe da aka tufke kamar igiya, kaurinta milimita 1.6 ko kusa da haka. Akwai kuma kuben da take gudana a ciki, baƙin bututun nan mai kaurin milimita 5, wanda in ka feɗe robarsa za ka tarar da ƙarfe a nannaɗe kamar sifirin. Dabarar tsohuwa ce, tun 1896 wani Ernest Bowden ya yi mata rajista a Ingila, kuma har yau ita ce a jikin kulocin babur. Abin riƙewa shi ne: waya ja take yi, kube kuma tokarewa yake yi. In kube bai sami wurin tokarewa da kyau ba, duk ƙarfin da ka sa a hannu a hanya zai ƙare, ba zai kai ga taya ba.

Ƙananan kayan da ke kan hanyar kuwa su ne: kan waya, wato dunƙulen ƙarfen da ke zaune cikin hannun birki, ajasta, ƙusar nan mai rami a tsakiya da kube ke shiga, tare da notinta na kullewa, hular kube da ake sa wa kowane baki, lanƙwasasshen bututun ƙarfe da ke juyo da waya zuwa ƙafar birki, 'yar robar nan mai ninki-ninki da ke hana ƙura shiga bututun, ƙusar da ke danne waya, sai 'yar hular wutsiya a can ƙarshe. Masu gyara da yawa suna watsar da rabinsu, wai ado ne. Ba ado ba ne.

Kayan aiki ba su da yawa: alanki (makullin nan mai kusurwa shida) lamba 5, sufana lamba 10 don kekuna masu araha da noti suke zuwa maimakon alanki, filaya, ƙaramar sukudireba mai baki huɗu, abin yanka waya mai kaifi, magagari, tsumma da ɗan mai.

Taya da roba tukuna

Kada ka taɓa waya sai ka duba taya. Ɗaga keken ka juya ta, ka zuba wa tsakanin roba da rim ido. In rim yana rawa, yana matsowa yana ja da baya, to duk saitin da za ka yi ɓata lokaci ne: in ka matso da roba za ta riƙa gogawa a wuri ɗaya, in ka buɗe birki ba zai ci ba. Wannan aikin mai ɗaurin sifoki ne, a miƙe rim ɗin tukuna. Ka kuma tabbata tayar ta zauna daram a mazauninta. Wanda ya yi faci ya mayar da taya a karkace shi ne ke jawo rabin ƙorafin "birkina yana kama gefe ɗaya".

Sai roba. A fuskar kowace robar birki akwai tsage-tsage. In sun shafe fuskar ta zama sumul, ta gama aiki, a canza. In da saura, ka ciro ta ka duba. Za ka ga tsakuwa da ɓurɓushin ƙarfe sun nutse a ciki, su ne ke cin rim suna ƙara kamar ana wasa wuƙa. Tsince su da bakin ƙusa, ka ɗan goge fuskar da magagari in ta yi ƙyalli.

Wajen mayar da ita ne ake yin kuskure. A jikin ƙusar roba akwai washa-washa, wasu masu kwarmi wasu masu tudu, kowace mai tudu tana zaune cikin mai kwarmi, biyu a ciki biyu a waje. Su ne ke ba roba damar karkata yadda kake so kafin ka ɗaure. Masu kwarmin ɗaya mai kauri ce ɗaya siririya. In rim ɗinka siriri ne har ƙafafun birki suna sunkuyowa ciki sosai kafin roba ta taɓa, mai kaurin za ka sa a ciki. In rim mai faɗi ne ƙafafun suna wangalewa, siririyar ce a ciki. Abin da ake nema shi ne ƙafafun su tsaya kusan a miƙe lokacin da roba ta kama. Shawarata, ka kwance gefe ɗaya kawai, ɗayan ya zame maka abin kwaikwayo.

Ka tura ƙafar birki da hannu har roba ta kwanta a rim. Ta zauna a tsakiyar gefen rim, ta bar kamar milimita ɗaya daga sama. In ta haura ta taɓa taya, cikin 'yan kwanaki za ta yanka gefenta tib ya leƙo. In ta yi ƙasa, za ta ci rabi ta bar leɓe, wata rana ta zame ta faɗa cikin sifoki. Don maganin kukan birki, ka ninka 'yar takardar kwali ka saƙala ƙarƙashin ƙarshen robar na baya sannan ka ɗaure, yadda bakinta na gaba zai riga taɓa rim da ɗan kaɗan. Riƙe robar da yatsu lokacin ɗaurin ƙarshe, don tana son bin noti ta juya.

Gyaran minti ɗaya

In roba lafiya, taya lafiya, hannu ne kawai ya yi nisa, ajasta ta isa. Sassauta notin kullewa, ka murɗa ajastar hagu kamar za ka kwance ta. Mutane suna rikicewa a nan, suna ganin ai ɗaurewa ce ke ƙara ƙarfi. A'a. In ajasta ta fito waje tana tura kube baya, hanyar waya ta ƙara tsawo, sakin da ke ciki ya ɗauke. Yi zagaye ɗaya, matse hannu ka ji, ka ƙara in da buƙata. Inda ake so hannu ya tsaya shi ne ya bar wurin yatsu biyu tsakaninsa da kan keken bayan ka matse da ƙarfi. Daga nan ka murɗa notin kullewa har ya danne jikin hannun birki, ba jikin kan ajastar ba. Ka lura akwai tsaga a jikin ajasta da notinta da hannun kansa. Ta nan ake fitar da waya. Kada ka bar tsagogin uku a layi ɗaya.

Amma ajasta tana da iyaka. Kwanakin baya wani yaron maƙwabta ya turo mini kekensa ƙofar gida da yamma.

"Kawu, birkin baya ya ƙi ci, kuma na murɗa abin har ya ƙare."

Na duba, ajastar ta fito tsawon gaɓar yatsa, haƙori biyu kacal ke riƙe da ita, har ta fara lanƙwashewa. Na ce, "Ɗana, da ka ƙara matsewa da ƙarfi sau ɗaya a gangare, da ta tsinke ta bar ka da Allah." Ƙarfen ajasta mai taushi ne, ga rami a ciki, ga tsaga a gefe. In ta wuce zagaye huɗu ko biyar a waje, ka daina, ka koma ƙasa.

Saiti daga tushe

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma in ka iya shi ka iya birki.

Mayar da ajasta ciki gaba ɗaya, sannan ka fito da ita zagaye biyu. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Sauka wurin ƙafar birki, ka sassauta ƙusar da ke danne waya. Sassautawa kawai, kada ka cire. Leƙa ƙarƙashin washarta: akwai ɗan kwari da aka yi don waya ta kwanta a ciki. Dole waya ta bi ta nan. Na sha ganin an zagaya da ita ta ɗaya gefen ƙusar, ko an naɗe ta a jiki kamar ana ɗaure akuya. Irin wannan ɗaurin yana riƙewa ranar farko, ya zame ranar da ake buƙatarsa.

Kafin ka ja, bi layin da hannu tun daga sama. Kan waya ya zauna cikin gurbinsa a hannun birki? Kube ya shige cikin ajasta har ƙarshe? Duk inda kube ya tsaya a jikin firam, ya nutse cikin mazauninsa? Bakin lanƙwasasshen bututun ya shiga maƙalinsa sosai? In ɗaya daga cikinsu yana rataye a baki, za ka gama saiti tsaf, ka matse sau ɗaya ka ji ƙwas, komai ya koma sake.

Yanzu da hannu ɗaya ka haɗe ƙafafun birki har robobin biyu su kama rim. Da ɗaya hannun ka ja wutsiyar waya da filaya, ja na daidai, don ɗauke saki kawai. Ɗaure ƙusar. In kana da mai taya ka, ya riƙe ƙafafun. In kai kaɗai ne, ka ɗaure su da tsohuwar robar tib. Ƙarfin ɗauri a takardun Shimano niyuton-mita (ma'aunin ƙarfin murɗa noti) 6 zuwa 8 ne, amma wa ke da ma'aunin wannan a rumfa? Ma'aunin ido shi ne waya ta ɗan baje ƙarƙashin washa, ba tare da zare ko ɗaya ya tsinke ba.

In ka saki za ka tarar robobin suna manne da rim, taya ba ta juyawa. Nan amfanin zagaye biyun ya zo: mayar da ajasta ciki sannu a hankali har taya ta saku. Tazarar da ake so milimita ɗaya zuwa biyu ce a kowane gefe. Ribar wannan hanya ita ce ajastar ta koma kusan ciki duka, ka sami sararin fito da ita nan gaba yayin da roba ke cinyewa.

Sai ka matse hannun birki da iyakar ƙarfinka sau goma. Kada ka ji tausayinsa. In akwai abin da zai zame, gara ya zame a tsakar gida. In hannu ya ƙara nisa kaɗan, kube ne da huluna suka zauna, ka ɗauke da ajasta. In ya tafi gaba ɗaya, waya ta zame, ka sake ɗauri.

In gefe ɗaya yana gogawa

A gindin kowace ƙafar birki akwai 'yar ƙaramar ƙusa da ke tokare sifirin. Gefen da roba ke manne da rim, sifirinsa ne ya yi rauni: murɗa ƙusarsa dama, kwatan zagaye, ka matse hannu sau biyu ka duba. In ƙusar ta kusa ƙurewa, koma ɗaya gefen ka sassauta tasa. Kada ka yi ta ɗaure duka biyun, hannu zai yi tauri a banza.

In ka murɗa ka murɗa ba canji, matsalar ba ta saiti ba ce. Kwance ƙafar daga sandar da take juyawa a kai. Ko tsatsa ta kama sandar, ka goge ka shafa giris kaɗan. Ko kuma bakin sifirin ba ya rami ɗaya da na ɗan'uwansa. Ramuka uku ne a jikin firam, a saka duka biyun a na tsakiya.

Lokacin canza waya

Waya ba ta tsinkewa rana ɗaya, zare-zare take tafiya. Wurare biyu take farawa: dab da kanta a cikin hannun birki, inda ido ba ya kaiwa sai ka matse hannun ka leƙa, da kuma wurin ƙusar dannewa. Zare ɗaya ya tsinke, a canza. Haka in hannu ya yi nauyi, ko ka saki ya ƙi komawa da kansa: ƙurar hunturu ta shiga kube ta haɗu da tsohon mai ta zama taɓo, ko ruwan damina ya kwanta a ciki ya yi tsatsa. Wayar baya ta fi saurin kamuwa saboda tsawonta.

Ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. Kan waya iri biyu ne: mai kama da 'yar ganga na keke mai miƙaƙƙen kai, da mai kama da kan ƙusa na keken tsere mai lanƙwasasshen kai. Akwai wadda ake sayarwa da kai biyu, ka yanke wanda ba ka so. In ka sami wadda ba ta tsatsa, ta cancanci ƙarin kuɗin.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: kada a sa wa birki wayar giya ko kuben giya. Wayar giya siririya ce, milimita 1.2 ko ƙasa, kanta ƙarami. Kubenta kuma, mai milimita 4, zaruruwansa a miƙe suke bisa tsawo, roba ce kawai ta riƙe su. Ƙarfin birki yana iya fasa shi ya tarwatse nan take. Ka leƙa bakin kuben kafin ka biya: in ka ga zoben ƙarfe ɗaya, na birki ne, in ka ga ɗigo-ɗigon wayoyi a jere a da'ira, ajiye musu kayansu.

Cire tsohuwa: tsinke hular wutsiya, sassauta ƙusar dannewa, jera tsagogin nan uku na hannu a layi, ka zaro waya ta ciki, ka fitar da kanta daga gurbi.

In har da kube za ka canza, auna da tsohon, amma ka gwada kafin ka yanke: juya kan keken hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe. In kube ya gaza, birki zai kama kansa a kwana. In ya yi yawa, lanƙwasa ta ƙaru, hannu ya yi laushi kamar kana matsa soso. Bayan yanka, bakin yakan murƙushe, wani ɗan ƙarfe ya karkato ya tare rami. Goge shi da magagari ya zama daidai, ka buɗe ramin da bakin tsohon sifoki da aka fiƙe. Sannan hula. Kowane baki da hularsa, sai inda mazaunin ya yi ƙanƙanta har ba ta shiga. Kuben da ba hula, nannaɗaɗɗen ƙarfensa yana tsinkewa daga roba ya riƙa kutsawa cikin ramin ajasta kaɗan-kaɗan. Shi ne birkin da za ka saita yau, jibi ya saki, ka rasa dalili. Hular ƙarfe ta fi ta roba a birki.

Shafa wa sabuwar waya mai siriri da yatsa, ɗan kaɗan. Kuben zamani yana da santsin roba a ciki, ba ya buƙatar giris mai kauri, kuma a ƙasarmu mai ƙura giris mai yawa gayyatar taɓo ne. Zura kai a gurbi, bi ta ajasta, ta kube, ta lanƙwasasshen bututu, ta robar ƙura, zuwa ƙarƙashin washa. Kada ka yanke ta yanzu. Sabon baki a haɗe yake, yana wucewa salin-alin, yankakke kuwa tsefewa yake ya maƙale. Yi saiti daga tushe kamar yadda aka faɗa, sai an gama komai ka yanke, ka bar wutsiya kamar faɗin yatsu uku. Filayar da ta dakushe tauna waya take yi. In ba ka da abin yanka na kirki, naɗe wurin da salatif, ka ɗora kan ƙarfe ka sare da cizal bugu ɗaya.

Sa hular wutsiya ka matse ta da filaya sau biyu. In babu, tsohon notin sifoki yana yi, ko ɗigon sufa gulu. Wanda tsefaffiyar waya ta taɓa soka a ƙarƙashin farce ba ya mantawa da wannan hula. Lanƙwasa wutsiyar ka saƙale ta bayan ƙafar birki don kada ta kama wando.

Sauran nau'o'in

Birki mai kama da ƙaho, wanda ƙusa ɗaya ta riƙe shi a saman taya, tsarin ɗaya ne, sai dai ajastarsa sau da yawa a jikin birkin take, kuma daidaita gefe da gefe da sassauta ƙusar tsakiya ake yi, a juya shi a sake ɗaurewa. Hannunsa da na V ba sa musanya, domin na V ya fi jan waya da yawa. In ka haɗa hannun ƙaho da birkin V, zai manne da kan keke kafin ya kama da kyau. Birki mai faifai kuma, wanda ke aiki da waya, yawanci roba ɗaya ce ke motsi, ta cikin a tsaye take, ana matso da ita da wata ƙusa ta ɓangaren sifoki. Ita za ka fara matsowa kafin ka ja waya. Wutsiyar wayarsa kada ta wuce santimita 2, don kada ta faɗa cikin faifan, kuma mai ko ɗigo kada ya taɓa faifan.

Gwaji kafin hawa

Tsaya gefen keken ka matse birkin gaba ka tura: tayar baya ta ɗaga. Matse na baya ka tura: taya ta ja ƙasa ba ta juya ba. A nan ne ma za ka san wane hannu ne na wace taya, domin kekunan gwanjo ba bakinsu ɗaya ba. Wanda ya fito daga Ingila ko Japan hannun dama ne na gaba, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa hagu ne. In yaro ya saba da wani tsarin a tsohon kekensa, ka mayar masa da shi tun waya tana kwance. Shi ma hannun, in yatsun yaron ba sa kaiwa, akwai 'yar ƙusa a gindinsa da ke matso da shi kusa. Ita ake fara murɗawa kafin saitin waya.

Hau ka zaga layi a hankali, ka taka birki sau da yawa, ka dawo ka sake duba ƙusar dannewa da notin ajasta. Bayan mako guda na hawa sabuwar waya za ta ɗan saki. Rabin zagaye ko zagaye ɗaya na ajasta zai ɗauke shi, ka kulle notin.